SANƘARAU DA TAKARDAR MALLAKA: TARIHIN ALLURAR DA TA ISO MANA A MAKARE

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ya san cewa da zarar ya buɗe bango, tun kafin ya kai ga godiya da sadaukarwa, zai ci karo da wasu kalmomi guda biyu, wato haƙƙin mallaka, sannan sunan marubuci ya biyo baya. Ni ina cikin masu goyon bayan wannan haƙƙi, domin na ga yadda marubuci kan hana idonsa barci, ya ci bashi ya buga littafi, sannan wani can ya kwafe ya riƙa rabawa ba tare da ko sisi ta shiga aljihun mai shi ba. To amma wannan haƙƙi yana da wani ɗan'uwa da ba mu cika waiwayarsa ba, shi ne haƙƙin mallakar magani. Wanda littafi ya fi ƙarfin aljihunsa zai iya haƙura ko ya ara wurin aboki, amma ban san inda ake aron magani ba. Tarihin wannan haƙƙi nake son mu ɗan bi yau, kuma zan bi shi ne ta kan wata cuta da babu ɗan Funtua ko Malumfashi da bai san sunanta ba, wato sanƙarau.

Bazarar 1996

A wani ƙauye da ke gefen hanyar Funtua zuwa Malumfashi aka haife ni, ba nisa da Bakori. A bazarar 1996 ina aji biyu na sakandare. An sha ruwa, an yi ƙaramar salla, hunturu ya janye, zafi ya sauko irin wanda ke hana kwanan ɗaki. A lokacin ne Auta, ƙanwarmu mai shekara 6, ta kwanta da zazzaɓi da ciwon kai. Mun ɗauka zazzaɓin da aka saba ne. Kashegari sai amai, ta ƙi jinin haske, Inna ta riƙa lulluɓe mata fuska da zane. Da Baba ya zo zai ɗaga kanta don a ba ta ruwa, sai wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Babu wanda ya furta sunan cutar, amma kowa a tsakar gidan ya gane.

A kan babur ɗin maƙwabci aka kai ta asibiti. Gadaje sun cika, majinyata na kwance a kan tabarmi a gindin itatuwan bedi, an rataye ledar ƙarin ruwa a jikin rassa. Malamin asibitin da ya duba ta ya ja Baba gefe ya ce, "Malam, allurar da muke yi musu ta ƙare tun jiya. Akwai wata mai kyau a kemis cikin gari, sai dai fa akwai tsada." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, rubuta kawai." A daren nan aka yi cinikin ɗaya daga cikin shanun huɗarmu guda biyu, a farashin da mai saye ya ga dama. Auta ta rayu. Ranar da aka dawo da ita gida Inna ta tsaya a bayanta ta kira sunanta sau uku, ba ta waiwayo ba. Har yau da hannu muke magana da ita.

Mu a lokacin gani muke abin a kanmu kaɗai ya faɗa. Daga baya na karanta cewa a wannan shekara mutum sama da 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu, har ta kai hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatanmu zuwa aikin Hajji. A faɗin Afirka kuwa, tsakanin 1996 da 1997, an ƙiyasta mutum 250,000 suka kamu, 25,000 suka riga mu gidan gaskiya. Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai shi ne maganar malamin asibitin nan: me ya sa allura ɗaya ta ƙare, ɗayar kuma ta ci sa guda?

Mece ce takardar mallaka?

Idan mutum ko kamfani ya ƙirƙiro sabon magani, yakan kai bayaninsa ga hukuma, ita kuma ta ba shi takarda mai cewa babu wanda zai haɗa wannan magani ko ya sayar da shi sai da izninsa, har tsawon shekara 20. Hujjar da ake bayarwa tana da ƙarfi, domin binciken magani na cin kuɗi da shekaru, kuma da yawa daga cikin magungunan da ake gwadawa ba sa kai labari. In ba a bar mai ƙirƙira ya mai da kuɗinsa ba, wa zai sake wahala? Sai dai a tsawon waɗannan shekaru shi kaɗai ne a kasuwa, abin da ya yanka shi ne farashi. Manomin Dandume ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ya san yadda farashin taki kan kasance idan buhunan duk suna hannun mutum ɗaya ga kuma damina ta kankama.

Tsarin ya tsufa, domin birnin Banis na ƙasar Italiya ya yi dokarsa tun 1474, Ingila ta yi tata a 1624. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙasashen da suka yi arziki da haɗa magunguna sun daɗe ba su yarda a mallaki maganin kansa ba. Japan sai a 1976 ta yarda, Suwizalan a 1977, Italiya a 1978, wato sai da masana'antunsu suka tsaya da ƙafafunsu. A shekarar 1970 Nijeriya da Indiya duk sun yi dokar mallakar ƙirƙira, amma kowa da hanyar da ya bi. Indiya ta ce za ta kare hanyar haɗa magani kawai, maganin kansa kuwa duk wanda ya gano wata hanyar haɗa shi ya haɗa. Wannan doka ce ta haifi kamfanonin Indiya da yau kwalayensu suka cika kemis-kemis ɗinmu.

Ranar 1 ga Janairun 1995 aka rufe wannan ƙofa. A ranar ce Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta fara aiki, Nijeriya na cikin mambobinta, tare da wata yarjejeniya da ake kira TRIPS, wadda ta wajabta wa ƙasashe kare magunguna na shekara 20. An ba ƙasashe masu tasowa wa'adi, Indiya ta cika nata a 2005.

To ga amsar tambayata. Allurar da aka fi dogaro da ita a lokacin annoba a shekarun nan ita ce kuloramfenikol mai mai, tsohon magani mai araha wanda allura ɗaya ko biyu kan wadatar. Ba mai takarda a kansa, ba kuma riba a cikinsa, don haka kamfanin Faransa da ke yin sa ya daina a 1995, shekara guda kafin annobar. Ɗayan kuma, seftiriyazon, magani ne mai ƙarfi na wani kamfanin Suwizalan, wanda takardarsa ba ta ƙare a Amurka ba sai a 2005. Wato ɗaya an watsar da shi don ba ya kawo kuɗi, ɗaya kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. A 2003 aka yi wani gwaji a Jamhuriyar Nijar da ya nuna allurar seftiriyazon guda ɗaya tak na yin aikin waccan mai man. Yau kamfanoni barkatai ne ke haɗa shi, kuma babu mai sayar da sa don ya saye shi.

Abin da Malumfashi ta koya wa duniya

Mu ɗan koma baya, domin yankinmu yana da hannu a wannan tarihi tun kafin annobar. A shekarun 1970, lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba, an kafa wani shirin binciken cututtuka a Malumfashi, haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Herbert Gilles. Sun yi aiki a kan zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da saran kububuwa, da kuma sanƙarau. Cikin likitocin da suka yi aikin sanƙarau akwai Brian Greenwood, wanda ya shafe kusan shekara 10 a Zariya. Ƙauyawan Malumfashi ne suka riƙa buɗe baki ana goga musu auduga a maƙogwaro, rani da damina.

Abin da aka gano, aka kuma buga a 1982, shi ne ƙwayar cutar na zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya tana yawo daga wannan zuwa wancan duk shekara, sai zafi da ƙura da bushewar iska sun zo sannan ta sami hanyar shiga jini ta haura ƙwaƙwalwa. A 1983 kuma ayarin ya buga wani sakamakon da ya nuna allurar rigakafin da ake da ita a lokacin ba ta hana ƙwayar yaɗuwa tsakanin 'yan makaranta. Tsohuwar allurar tana kare wanda aka yi wa na 'yan shekaru kaɗan, ba ta kama jikin ƙananan yara sosai, ba ta kuma share maƙogwaro. Shi ya sa ba a fito da ita sai annoba ta riga ta ɓarke, kamar mai haƙa rijiya bayan gobara ta tashi.

Ashe tun farkon shekarun 1980 an san inda matsalar take. Maganinta ma bai daɗe ba ya samu: idan aka ɗaure sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar a jikin wani furotin, sai jiki ya riƙe ta ya daɗe bai manta ba, har jikin jariri. A 1987 aka fara amfani da wannan dabara a Amurka a kan wata ƙwayar daban. Ita ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, an raba ta da haruffa, kuma wadda ke yi mana kisan kiyashi ita ce nau'in A. A shekarun 1990 an gwada sabuwar allura mai haɗe da A da C a jikin yaran Gambiya da Nijar. Amma da aka tashi fitowa kasuwa sai aka fito da ta C zalla, domin C ce ke damun Ingila, wadda ta fara yi wa yaranta a watan Nuwamban 1999. Kamfanonin da ke riƙe da dabarar ba su ga mai saye a Bakori ko Ƙafur ba.

Kano, da shekarar 2001

Mai karatu zai ce na tsallake Kano. Ban tsallake ba. A tsakiyar annobar 1996 kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izni da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Jaridar Washington Post ta fasa ƙwan a watan Disamban 2000, gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shi kuwa Trovan, Amurka ta amince da shi ga manya a 1997, sannan ta taƙaita amfani da shi a 1999 saboda illar da yake yi wa hanta. A nawa ganin, agogon shekara 20 ɗin nan yana cikin abin da ke sa gaggawa, domin yana fara bugawa ne tun ranar da aka nemi takarda, kowace shekarar gwaji kuma ragi ce a shekarun ciniki. Raunin da abin ya bari ya fito fili a 2003, lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan-inna a Kano, mutane na kafa hujja da Trovan.

Cutar ƙanjamau ce ta sa duniya ta fara duban takardar mallaka da idon tuhuma. A shekarar 2000 maganin mutum ɗaya na shekara ya haura dala 10,000. Afirka ta Kudu ta yi dokar sauƙaƙa shigo da magani mai araha, kamfanoni 39 suka maka ta a kotu. A watan Fabrairun 2001 Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya ce zai ba da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. A watan Afrilu kamfanonin nan suka janye ƙararsu a Piritoriya saboda tofin Allah-tsine da suka sha. A watan Nuwamba kuma, a birnin Doha, ƙasashe suka amince cewa yarjejeniyar TRIPS ba za ta hana gwamnati kare lafiyar jama'arta ba, har tana iya ba wani kamfani iznin dole ya haɗa magani ko mai takarda bai so ba, a biya shi wani kaso. Da irin waɗannan magunguna na Indiya Nijeriya ta fara shirinta a 2002, da nufin kula da manya 10,000 da yara 5,000.

Allurar da aka fara da yanka mata farashi

A wannan shekara ta 2001 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka kafa shirin samar da rigakafin sanƙarau nau'in A, da dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates, ƙarƙashin Dokta Marc LaForce. Kafin su taɓa kwalba ko ɗaya sai suka zagaya suna tambayar ma'aikatun lafiya na Afirka nawa za su iya biya. Wani babban jami'i a Yamai ya nuna musu cewa kawo allurar da ba za a iya saye ba ya fi rashinta muni. Aka tsaya a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. Manyan kamfanoni ba su yarda da wannan farashi ba.

Sai aka bi wata hanya. Wasu masana biyu na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, Carl Frasch da Robert Lee, sun ƙirƙiro tasu dabarar ɗaurin, kuma takardarta na hannun gwamnati. Aka ba da izninta a kan kuɗi kaɗan, aka koya wa ma'aikatan kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya, wani kamfanin Holan ya kawo sukarin farko. Allurar da ta fito, MenAfriVac, an ƙaddamar da ita ranar 6 ga Disamban 2010 a Burkina Faso, sannan Mali da Nijar. A watan Disamban 2011 ta iso Nijeriya, kuma Katsina na cikin jihohin farko, tare da Zamfara, Jigawa, Bauchi da Gombe. Duk mai shekara 1 zuwa 29 aka yi wa, kyauta.

Na je gida a wannan mako. A layin da aka yi a ƙofar gidan mai gari na hango Auta, lokacin tana da shekara 21, goye da ɗanta na fari. Aka yi wa yaron ya tsala ihu, ita ba ta ji ba, sai da ta ga fuskarsa sannan ta fara jijjiga shi. Ita ma ta miƙa nata hannun. Baba na tsaye gefe, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

A ƙasar Chadi an auna aikin allurar a 2012, aka ga sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi ta, kuma ƙwayar ta kusan ɓacewa daga maƙogwaron mutane. Cikin jagororin wannan bincike akwai Brian Greenwood ɗin nan na Zariya da Malumfashi. An yi wa mutum fiye da miliyan 300 allurar a faɗin Afirka, nau'in A da ya addabi kakanninmu kuma ya zama sai labari. Daga 1983 da aka tabbatar tsohuwar allura ba ta isa ba zuwa 2011 shekara 28 ke nan, kuma 1996 na tsakiyarsu.

Inda aka kwana

Ba a nan tarihin ya tsaya ba. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 nau'in C ya ɓarke a Zamfara, Sakkwato, Katsina da maƙwabtansu, mutum sama da 14,000 suka kamu, sama da 1,100 suka rasu. Allurar C tana nan a duniya tun 1999, amma ba ta hannunmu, sai da aka jira taimako daga rumbun ajiya na duniya da kuma gwamnatin Ingila. Aka sake bin hanyar farko, PATH da Serum Institute suka fito da allura mai kare nau'i biyar, A, C, W, X da Y, kuma a watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da ita.

Ni dai abin da na fahimta shi ne takardar mallaka ba ta san Auta ba, mai kuɗin saye ta sani, kuma babu amfanin yi mata fushi a kan haka. Cutar talaka ba ta samun magani sai wani ya tsaya ya ce ga abin da za mu iya biya, a kuma saki ilmin ga wanda zai haɗa a kan wannan farashi. Sai dai mu ma da namu laifin. Nijeriya na da ɗakin haɗa alluran rigakafi a Yaba ta Legas, wanda ya yi shekaru yana yin na agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara. Indiya da muka yi doka shekara ɗaya da ita, ita ce ta haɗa allurar da aka yi wa ɗan Auta. Ko da an ba mu iznin dole yau, sai mun sami masana'antar da za mu miƙa wa.

Yaron nan yanzu ya zama saurayi, shi ke yi wa uwarsa tafinta idan ta je kasuwa. Idan zafi ya sauko aka ce masu allura sun zo, don Allah a fito da yara. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi a 1996, ya ba mu lafiya mai amfani, amin.